Wakilin Suna a Turanci: Yadda Ake Daidaita Shi Don Magana Ta Fita Sarai

Ga wata jimla ta Turanci, ka karanta ta a tsanake: "Aisha told Binta that her son had been admitted to hospital." Babu kalmar da aka rubuta ba daidai ba, aikatau ya zauna a gurbinsa, lokaci ma bai karkace ba. Amma ɗan wa aka kwantar a asibiti, na Aisha ko na Binta? Wanda ya rubuta jimlar ya sani, domin yana ganin yaron a zuciyarsa. Mai karatu kuwa sai dai ya yi canki-canka. In saƙon waya ne, sai a bugo a tambaya. In kuwa rahoton ofis ne, ko takardar koke, ko bayanin da aka rubuta a caji ofis, ko insha'in jarrabawa, babu mai bugowa. Abin da ke kan takarda shi za a ɗauka, ko da ba shi aka nufa ba.

'Yar kalmar nan "her" ita ce ta kawo ruɗanin, kuma tana cikin kalmomin da muke kira wakilin suna, wato su "I", "you", "he", "she", "it", "we", "they" da danginsu. Aikin wakili shi ne ya tsaya a madadin suna don kada a yi ta nanata shi. Sunan da ake tsaya wa, masu nahawun Turanci suna ce masa "antecedent". A nan bari mu kira shi ubangida. Ƙa'idar gaba ɗaya abu biyu ce. Wakili ya dace da ubangidansa ta fuskar jinsi da adadi da mutum, wato mai magana ne, ko wanda ake yi wa magana, ko wanda ake magana a kansa. Sannan mai karatu ya gane ubangidan nan take, ba sai ya koma baya yana lalube ba. Na farkon shi ake koyarwa a aji. Na biyun shi ne ya fi muhimmanci, kuma shi aka fi sakaci da shi.

Abin da nake so ɗalibi Bahaushe ya fara sa wa ransa shi ne, bai shigo wannan darasi hannu rabbana ba. Hausa ta fi Turanci tsantseni a wannan fage. Muna da kai da ke da ku inda Bature yake da "you" kaɗai. Yaron Kano ɗan shekara biyar ba zai ce "Binta ya zo" ba, kuma in baƙo ya faɗa a gabansa, dariya zai yi. Ka ga ke nan kunnen da ke jin dacewar wakili da suna yana nan, an gada. Kurakuran da muke yi a Turanci ba na rashin basira ba ne. Suna fitowa ne daga wasu sanannun wurare inda dokar Hausa da ta Turanci suka raba hanya. Wanda ya san waɗannan wuraren ya yi rabin aikin.

Inda Hausa take leƙowa

A Hausa ba ka cewa "Musa tafi kasuwa". Dole ka sa "ya" tsakanin suna da aikatau, abin da malaman nahawu suke kira zagin aikatau, shi ne yake ɗauke da jinsi da adadi da lokaci. Saboda harshe ya saba, sai ɗalibi ya rubuta "Musa he went to the market", ko "My parents they are farmers". Turanci ba ya haɗa su. Ko suna ya tsaya, ko wakilinsa ya tsaya: "Musa went to the market." "My parents are farmers." Wannan kuskure yana da sauƙin kamawa a gajeriyar jimla. Inda yake ɓuya shi ne a doguwa, idan an sa bayani tsakanin suna da aikatau: "The woman who sells groundnut oil behind our house she has travelled." Kafin marubuci ya kai ƙarshe ya manta ya riga ya ambaci matar, sai ya ƙara mata "she". Cire shi kawai.

Ɗan'uwan wannan kuskure yana zuwa a ƙarshen jimla. Muna cewa "yaron da na ba shi kuɗi", "gidan da muke zaune a cikinsa", kuma Hausa ce tsantsa. Amma "the boy that I gave him money" da "the house that we live in it" ba su karɓu ba, domin "that" ya riga ya wakilci yaron da gidan, ba a bukatar wakili na biyu. Sai a ce "the boy I gave money to" da "the house we live in". Jimlar za ta yi maka kamar an yanke mata wutsiya. Haka take, ka bar ta.

Akasin haka kuma, akwai inda Turanci yake dagewa sai an sa wakili alhali babu wanda ake wakilta. "It is raining." "It is late." "It is good to greet your elders." Jimlar Turanci ba ta son zama babu wani abu a gaban aikatau, shi ya sa "Is good" da "Is my own" suke kuskure a rubuce, komai yawan jin su a tasha.

Sai batun jinsi. Kowane suna tilo a Hausa ko namiji ne ko mace: mota ita ce, littafi shi ne, wuƙa ita ce, takalmi shi ne. Turanci ya taɓa zama haka, amma ya zubar da jinsin abubuwa tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Yau "he" da "she" na mutane ne, da dabbar da aka san jinsinta ko aka shaƙu da ita. Duk sauran abubuwa "it" ne. Mota ta lalace, "it broke down". Gwamnati ta janye dokarta, "the government withdrew its law". Najeriya ma, da muke cewa ta sami 'yancin kanta a 1960, a Turancin jarida na yau "its independence" ake rubutawa, ko da yake za ka tarar da "her" a tsofaffin littattafai da jawaban bukukuwa. Jirgin ruwa ne ya daɗe yana amsa "she" a bakin matuƙa, amma jaridar harkokin jiragen ruwa ta Landan, Lloyd's List, ta koma kiran jirgi "it" tun 2002.

Wurin da na fi so a dakata shi ne mallaka, domin kuskurensa yana ba da kunya a bainar jama'a. Dubi kalmar "matarsa". Harafin r yana nuna cewa abin da aka mallaka mace ce, "sa" kuma yana nuna mai ita namiji ne. A "mijinta", n na miji ne, "ta" na matar. Hausa tana lura da ɓangarorin biyu a kalma guda. Turanci kuwa mai abu kaɗai yake dubawa. Idan hankalin ɗalibi ya tafi kan matar, sai ka ji "Bello came with her wife", ko "Hauwa is waiting for his husband". Maganin shi ne tambaya ɗaya: na wa ne? In na namiji ne, "his", ko da abin uwa ce ko mata ko 'ya: "his mother", "his wife", "his daughter". In na mace ne, "her": "her father", "her husband", "her son". Malamin firamare da ya ware mako guda yana juya wannan da yara baki da baki, ya raba su da abin da wasu suke kaiwa har jami'a.

Akwai kuma ladabi. Ɗa na gari yakan ce "Baba sun dawo", ko "Malam sun ce a jira su", kuma yana cewa "ku" ga babba ko da shi kaɗai ne. Turanci ba ya girmama mutum da jam'i. "They have come back" yana nufin mutane biyu ko fiye. In mahaifinka kaɗai kake nufi, "He has come back" ne, kuma babu rashin kunya a ciki. Ladabin Bature yana cikin wasu kalmomin, su "please", "would you", "sir" da "madam". Kusa da wannan akwai "an" da "ana", waɗanda muke amfani da su in ba mu san mai aikin ba ko ba mu son ambatonsa: an sace wayata, ana kiranka. Da yawa sukan mayar da su "they": "They have stolen my phone", "They are calling you". Mai karatu zai tambaya, su wa? A rubutu na hukuma juya jimlar ake yi: "My phone has been stolen." "You are wanted in the office." In ka san mai kiran, ka faɗe shi: "The principal wants to see you."

Kowa, da daɗaɗɗiyar gardamar "he" da "they"

Kalmomi irin su "everyone", "everybody", "someone", "anybody", "nobody", "each", "either" da "neither" tilo ne a nahawu, ko da ma'anarsu ta ƙunshi taro. Aikatau ɗinsu tilo ne, babu gardama: "Everyone is here", "Each of the girls has a pen", "Neither of the answers is correct". Wannan bai kamata ya ba Bahaushe wahala ba, tunda mu ma "kowa ya zo" muke cewa, ba "kowa sun zo" ba.

Gardamar tana tasowa ne wajen wakilin da zai biyo baya. Kowa ya kawo littafinsa: "his book" za a ce, ko "his or her book", ko "their book"? Turawa da kansu sun shafe ƙarnuka suna jan wannan igiya. Tun ƙarni na 14 ana samun "they" a rubuce yana wakiltar mutum ɗaya da ba a fayyace ba. A 1745 wata malama a Newcastle, Ann Fisher, ta fitar da littafin nahawu inda ta ce "he" ya wadatar ga namiji da mace, masu nahawun da suka biyo baya kuma suka ɗora a kai. A 1850 majalisar dokokin Birtaniya ta yi doka cewa duk inda aka yi amfani da kalmar namiji a cikin dokokin ƙasa, mata ma sun shiga. Haka aka koyar a makarantu har zamanin iyayenmu, kuma tsofaffin littattafai irin su Brighter Grammar daga wancan zamanin suka fito. Daga shekarun 1970 aka fara ƙorafin cewa "he" yana ɓoye mata, sai "he or she" ya yaɗu. Yanzu "they" ya dawo da ƙarfinsa. Kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya amince wa 'yan jaridarsa da shi a wasu wurare tun 2017, manyan ƙamusoshi ma sun karɓe shi. "Everyone should bring their book" Turanci ne ingantacce a Landan da New York.

To ɗalibin da zai zauna WAEC ko NECO ko JAMB fa? Ra'ayina shi ne, a tambayoyin cike gurbi ka dubi zaɓin da aka ba ka: in akwai na tilo da ya dace, kamar "his or her", shi mai tambayar ya fi yiwuwa yana nema, domin jarrabawa ta fi jinkirin sauyawa a kan harshen titi. A insha'i kuwa, inda alƙalami yake hannunka, kada ka shiga rigimar sam. Mayar da ubangidan jam'i: "All students should bring their books." Babu mai makin da zai ja maka layi, babu wanda aka bari a baya, kuma ka tsira daga jimla mai nauyi irin "Every student should bring his or her book when he or she comes." In kuma an san jinsin taron, magana ta ƙare: a makarantar 'yan mata, "Each girl must bring her book."

"One" ma yana da tasa ƙa'idar. A Turancin Ingila, wanda shi makarantunmu suke bi, in ka fara da shi sai ka ƙarasa da shi: "One must keep one's promise." Bayan jimla biyu yakan gundura, don haka ban cika ba da shawararsa ba.

Abin da muke gani ɗaya, su suna ganin biyu

Wando a Hausa guda ne, namiji: wandona ya yage. Almakashi ma haka. A Turanci "trousers", "scissors", "glasses" da "pliers" jam'i ne, wakilinsu "they" da "them": "My trousers are torn, I will take them to the tailor." "Police" da "cattle" da "people" su ma jam'i ne ko da ba su da harafin s a ƙarshe: "The police have made their report." A ɗaya gefen kuma akwai sunayen da Bature ba ya ƙirga su, alhali mu muna yi musu jam'i ba tare da wani tunani ba: shawarwari, bayanai, labarai, kayayyaki. "Advice", "information", "news", "furniture", "luggage" da "equipment" duk tilo ne, ba sa karɓar s na jam'i, kuma wakilinsu "it" ne. "The news is bad, and it has spread." Babu dabarar da za ta sa ka gane waɗannan da hankali, sai an duba. Ƙamus ɗin Oxford na masu koyo, wanda A. S. Hornby ya fara tsarawa aka buga a 1948, yana sa harafin C a gaban sunan da ake ƙirgawa, U a gaban wanda ba a ƙirgawa. Ɗalibai da yawa suna riƙe da ƙamus ɗin shekara da shekaru ba su taɓa lura da haruffan nan biyu ba, alhali suna cikin mafi amfanin abin da ke shafin.

Sunayen taro, irin su "committee", "team", "family", "staff" da "government", suna da fuska biyu. Turawan Ingila sukan ɗauke su tilo in ana nufin ƙungiyar a dunƙule, jam'i in ana nufin mutanen cikinta. Amurkawa sun fi riƙe su tilo. Duk wanda ka ɗauka daidai ne, sharaɗin dai kada ka sauya a tsakiyar jimla. "The committee has submitted its report" ya yi. "The committee have submitted their report" ya yi a Ingila. "The committee has submitted their report" shi ne gauraye, kuma shi ya fi yawa a takardun ofisoshinmu.

In an haɗa suna biyu da "and", jam'i ne. In da "or" ko "nor" aka haɗa, wakili yana bin sunan da ya fi kusa da shi: "Neither the teacher nor the pupils brought their books." Sa jam'in a ƙarshe, jimlar za ta fi daɗin ji.

"I" ko "me"

Wannan ba batun ubangida ba ne, batun matsayin wakili ne a jimla: mai aikatawa ne, ko wanda aiki ya faɗa wa. Babu mai cewa "Me went" ko "He called I". Ruɗani yana zuwa ne idan an haɗa da wani suna. Gwajin mai sauƙi ne: rufe sunan ɗayan da yatsa ka karanta abin da ya rage. "Musa and me went to Zaria", in ka rufe Musa, ya zama "me went", ka ga "I" ake so. "The teacher called Musa and I", in ka rufe Musa, ya zama "called I", ka ga "me" ake so. Bayan kalmomi irin su "between", "for", "to" da "with" kullum "me", "him", "her", "us", "them" ne, don haka "between you and me" shi ne daidai, duk da yawan masu ilimin da suke jin "between you and I" ya fi ƙasaita. Ka lura kuma da jeri: mu "ni da Musa" muke cewa, Bature kuwa kansa yake sa wa a ƙarshe. "Who" da "whom" ma gwajinsu ɗaya ne. Amsa tambayar a ranka. In amsar "he" ce, "who". In "him" ce, "whom".

Ga wani wuri da Hausa za ta cece ka in ka tambaye ta. Sau da yawa ana jin "The couple love themselves", ana nufin mata da miji suna son juna. Abin da jimlar ta faɗa shi ne kowannensu kansa yake so. Hausa ta raba juna da kansu rabuwa ta sarai. In juna kake nufi, "each other" ko "one another". In kansu ne, "themselves". Faɗi jimlar da Hausa tukuna, amsar za ta fito da kanta.

"Its" na mallaka ba shi da 'yar alamar nan ta sama. "It's" gajarcewar "it is" ko "it has" ne. Haka "your" da "you're", "their" da "they're", "whose" da "who's". Buɗe gajarcewar ka karanta. In ba ta yi ma'ana ba, na mallakar ake so, marar alamar.

Wa ake nufi?

Yanzu mun zo ga babban aikin. Jimla tana iya cika duk ƙa'idojin da muka ambata ta kuma ɓatar da mai karatu. Hanya ta farko ita ce ubangida biyu ga wakili ɗaya: "The driver told the mechanic that he had damaged the engine." Wa ya lalata injin? A baka, murya da hannu da ido suna warware wannan. Takarda ba ta da ko ɗaya. Gyaran iri biyu ne. Ko ka maimaita sunan: "The driver told the mechanic that the mechanic had damaged the engine." Ko ka kawo maganar yadda aka faɗe ta: The driver said to the mechanic, "I have damaged the engine." An tsoratar da yara da yawa cewa maimaita kalma rauni ne a rubutu. Ban yarda ba. Lauyoyi suna maimaita "the tenant" da "the landlord" sau goma a shafi ɗaya na yarjejeniyar haya, domin sun san abin da "he" guda ɗaya zai iya jawowa a gaban alƙali.

Hanya ta biyu ita ce wakili babu ubangida sam. "In the hospital they told us to come back on Monday." Su wa, likitoci ko masu gadi? "It says in the newspaper that fuel will be scarce." Ka ce "The doctor told us" da "The newspaper says". Mafi santsi a cikinsu shi ne "this" da "which" idan suna nuni ga jimla sukutum: "The rains came late and the price of fertiliser went up. This ruined many farmers." Jinkirin damina ne ya karya manoman, ko tsadar taki, ko duka biyun? Ƙa'idar da nake ba kowa ita ce, kada ka bar "this" tsirara a farkon jimla. Ɗora masa suna. "This delay", "this increase", "these two problems". Da zarar ka nemi sunan da za ka ɗora, za ka gane ko kai kanka ka san abin da kake nufi.

Hanya ta uku nisa ce. In ka ambaci mutum a farkon sakin layi, ka bi da jimla huɗu a kan wasu mutane, "he" na jimla ta biyar ba zai koma gare shi ba. Mai karatu zai liƙa shi ga namijin da ya gani a ƙarshe. Sabon sakin layi ya fara da suna, ba da wakili ba.

"You" ma yana da nasa haɗarin. Turanci ya taɓa raba tilo da jam'i, "thou" ga mutum ɗaya, "ye" da "you" ga taro, kamar yadda mai karanta Littafi Mai Tsarki na Sarki James na 1611 ko tarjamar Alƙur'ani ta Pickthall ta 1930 zai gani. "Thou" ya fita daga maganar yau da kullum tun wajen ƙarni na 17, aka bar "you" yana ɗaukar kai da ke da ku. In kana gayyatar aboki da iyalinsa, "You are invited" bai gaya masa ko ya zo da su ba. Rubuta "you and your family", ko "both of you", ko "all of you". Kuma kada ka yi ta tsalle tsakanin mutum na uku da na biyu: "If a student wants to pass, you must read" ya fara da wani ya ƙare da kai.

Aiki da fensir

Bari mu ɗauki sakin layi irin wanda ake gani a littafin ɗan aji shida na sakandare: "My uncle he took my brother to the principal because he was angry. They said every student must pay before you can write the examination. The school gave us some informations but they were not clear. This worried my mother."

Ka gama rubutunka tukuna, kada ka tsaya gyara tunani yana gudu. Sannan ka ɗauki fensir ka zagaye kowane wakilin suna, ka ja kibiya daga shi zuwa ubangidansa. "He" na farko kibiyarsa ba ta da tsawo, domin yana manne da "uncle". Zagi ne da ya biyo mu daga Hausa, a goge shi. "He" na biyu kibiyarsa ta rabu uku, kawu, ƙane da shugaban makaranta, duk maza ne. Sai a sake gina jimlar yadda mai fushin zai zo shi kaɗai kafin wakilin. "They" kibiyarsa ba ta sami inda za ta sauka ba, ko jam'in girmamawa ne ko "an ce" ne. A sa sunan mai maganar. "You" ya sauka kan "every student", mutum na biyu a kan na uku, ba su dace ba. "They" na biyu yana bin "informations", kalmar da babu ita. In an gyara ubangidan, wakilin ya koma "it", aikatau ya koma "was". "This" kuwa tsirara yake, ba a san ko kuɗin ne ya dami uwar ko rashin gane bayanin ba. Ga yadda zai fito: "My uncle was angry, so he took my brother to see the principal. The principal said that all students must pay before they can sit the examination. The school had given us some information, but it was not clear, and the confusion worried my mother."

Gyara shida a jimla huɗu, kuma babu babbar kalma ko ɗaya da aka ƙara. A insha'in WAEC ana raba maki 50 gida huɗu: abin da aka faɗa, tsarinsa, fitar bayani, da tsabtar nahawu da rubutu. Fitar bayani tana da 20, tsabtar nahawu 10, kuma a wannan na ƙarshen rabin maki ake cirewa kan kowane kuskure. Wakilin da ya karkace yana cin ɗalibi ta ɓangarorin biyu.

Bayan fensir, sai kunne. Ba wa wani takardar, wanda bai san labarin ba, ya karanta a fili. Duk inda ya tsaya ya ce "wa ke nan?", sa alama, kada ka yi masa bayani da baki, gyara a takarda. Malamai kuma, don Allah a daina hana yara kawo Hausa cikin wannan darasi. A rubuta "matarsa" da "his wife" gefe da gefe a allo, a bar su su gano bambancin da kansu. Kai kuma mai karatu, nemo wasiƙa ko rahoton ƙarshe da ka rubuta da Turanci, ka zagaye wakilan sunan da ke shafin farko, ka ja musu kibiya tun yau.